Kafin ka ja fiyanon nan

Ka ce in bar ka ka ja sautin fiyanon nan ya hau kan ganga daidai, don ka ga a allon kwamfuta ya ɗan goce. To ɗana, saki linzamin tukuna, ja kujera.

Akwai wasu mawaƙan Manchesta ta Ingila, New Order. Da can sunansu Joy Division, sai mai rera musu waƙa, Ian Curtis, ya rasu a 1980, suka sake suna, suka karkata ga kiɗan na'ura. A watan Maris na 1983 kamfanin Factory Records ya fitar musu da "Blue Monday". Gangar da ke buɗe waƙar, mai bugawa kamar ana sakwara da sauri, na'urar Oberheim DMX ce. Akwatin da ke jera sautin kuwa ɗaya daga cikinsu, Bernard Sumner, shi ne ya harhaɗa shi da hannunsa. Akwatin ba shi da allon da zai nuna maka layi. Gillian Gilbert, ita ma 'yar ƙungiyar, ta zauna tana shigar da sautin ɗaya bayan ɗaya, aka sami kuskure, karin waƙar ya zame daga kan ganga. Da suka kunna, kunnensu ya ce ya yi, suka bar shi. Wallahi duk sanda na saurara, wannan 'yar zamewar ce ke sa kaina kaɗawa.

Waƙar ta haura minti bakwai, tsawon da gidajen rediyo ba sa so, kuma a babban faifai mai inci 12 ta fito. Duk da haka gidajen rawa suka rungume ta. Ta kai ta 9 a jerin waƙoƙin Birtaniya a shekarar, har yau kuma babu faifai irin wannan da aka saya a ƙasar kamar ta. Da Quincy Jones, mai haɗa kiɗa ɗan Amurka, ya sake haɗa sautinta a 1988, ta hau ta 3.

Kada ka ɗauka ina cewa kowace gocewa ado ce. Mafi yawa ɓarna ce, ni ma sau nawa na sa ka gyara. Abin da ya dame ni, da ido ka yanke hukunci, ko sau ɗaya ba ka saurara ba.

Juya wa allon baya. Zan kunna maka sau biyu, yadda yake da kuma yadda kake so ka mai da shi, ba zan gaya maka wanne ne wanne ba. Wanda ƙafarka ta fara bi, shi za mu ba mai waƙar gobe.