Daga N'Djamena Zuwa Guangzhou: Wane Tikiti Zan Yanka?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kusuri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi da N'Djamena, kuma wannan ce tafiyata ta farko zuwa Sin sarin kaya. An nuna mini tikiti biyu. Ɗaya tikiti guda ne ta Addis Ababa. Ɗayan ya fi arha, amma kamfanoni biyu ne, kowanne da nasa tikitin. Wanne zan ɗauka? Kuma awa nawa ne tafiyar? Lissafin takardar ya rikita ni.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa a je a sa'a. Tsakanin filin jirgin Hassan Djamous a N'Djamena da na Baiyun a Guangzhou ya haura kilomita 10,000, kuma babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, dole ka ya da zango. Ta Addis Ababa, zangon farko wajen kilomita 2,600 ne, awa uku da rabi zuwa huɗu. Na biyun shi ne mai gajiyarwa, kimanin kilomita 8,000, awa goma ko fiye da haka kaɗan. Sai ka haɗa da zaman jira a Addis.

Abin da ya rikita ka agogo ne. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti lokacin garin da kake ciki ne. Habasha ta riga Chadi da awa biyu, Sin ta riga mu da awa bakwai. A ce jirgi ya tashi Addis ƙarfe 12 na dare ya yi awa goma, zai sauka ƙarfe 3 na yamma agogon Guangzhou. Mai duba takarda zai ce awa 15 ne, alhali biyar daga ciki bambancin agogo ne kawai. Ka tuna da wannan kafin ka buga waya gida: la'asar ɗinka can, hantsi ne a nan.

Maganar tikiti kuwa, ka yanki guda ɗin, ko da ƙarin sefa ya ɗan ciza. In jirgin farko ya makara, nauyin kamfani ne ya saka ka a wani jirgin, kuma jakarka da ka auna a N'Djamena sai a Guangzhou za ka karɓe ta. Da tikiti biyu, in ka rasa na biyun asararka ce kai kaɗai, kuma kana iya buƙatar bizar ƙasar zangon kafin ka fita ɗauko jaka. Na taɓa ganin wani dattijo zaune kan akwatinsa a filin jirgi, fasfo a hannu, jirginsa ya tashi minti kaɗan kafin ya iso ƙofa. Abin ya daɗe a raina.

Ka nemi jiran da bai gaza awa biyu ba, kuma ka tambayi kilo nawa aka yarda maka a dawowa, don a nan ne kayan sari ke cin kuɗi. Ranar tafiya ka haye gadar Ngueli, wadda ta haɗa Kusuri da N'Djamena, da wuri, katin rigakafin shawara yana cikin fasfo.