Ni ma an taɓa ɗora mini laifin irin wannan juyawar

Ƙanena, tun da na karanta tambayarka zuciyata ba ta kwanta ba. Ka ce bayan jirginku ya tashi masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sun ba da umarnin juyawa ta rediyo, kuka ɗauka naku ne, ashe na wani jirgin ne, yanzu kamfani ya kira ka kana tambayar me za ka ce musu. Wallahi kamar labarina ka rubuta.

Lokacin ina mataimakin matuƙi, sabon shiga. Da dare ne, hazo ya rufe gari, kyaftin na tuƙi ni ina kan rediyo. Wani jirgin kamfaninmu ya tashi gabanmu kaɗan, lambar kiransa da tamu kamar Hassan da Hussaini. Muna kan SID, wato hanyar da aka tsara wa jirgi ya bi bayan ya tashi, muna hawa sai aka ce a juya hagu. Farkon kiran bai shiga kunnena da kyau ba. Na ce, "Yallaɓai, anya namu ne?" Ko kallona bai yi ba, ya ce namu ne mana, amsa masa. Na amsa. Ashe a daidai wannan lokacin ɗayan jirgin ma yana amsawa, muryoyinmu suka hau juna, mai kula da mu a ƙasa ƙara kawai ya ji, ya ɗauka mai umarnin ne ya amsa. Muka juya. Ba a jima ba TCAS, na'urar da ke gargaɗi idan wani jirgi ya matso kusa, ya yi magana. Har yau ina ganin ɗigon nan ruwan ɗorawa, alamar ɗayan jirgin, a kan allo yana matso mu, ga sanyi amma rigata ta jiƙe sharkaf.

Allah ya tsare, aka raba mu lafiya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Kyaftin ɗin nan ya rubuta a rahotonsa cewa ni na tabbatar masa umarnin namu ne. Ni da na tambaye shi! Na'urar naɗar muryarmu awa 2 kawai take riƙewa, mun ci gaba da tashi washegari, maganar ta goge. Na zauna a ofis ana yi mini tambayoyi kamar ɓarawo, shi yana gefe yana juya makullin mota a yatsa, bai ɗaga ido ya dube ni ba ko sau ɗaya. Mutumin da ya zo ɗaurin aurena, wanda nake rusunawa in gaishe shi. Mako uku ina gida, mahaifiyata tana tambaya ko an kore ni ne, na rasa abin da zan ce mata. Na yafe masa don Allah, amma ban manta makullin nan ba.

Don haka daren nan ka zauna ka rubuta komai, da lokaci da mitar rediyon da kuke kai da kalmar da kowa ya faɗa, tun kafin ya fara gushe maka. Ka nemi a ajiye sautin ɓangaren masu kula da zirga-zirga tun yanzu, domin kwana 30 ne mafi ƙarancin abin da ƙa'ida ta ce su riƙe shi. Ni ban san haka ba sai da lokaci ya ƙure. Kada ka ƙara, kada ka rage, inda ka yi kuskure ka ce ka yi.

Kuma ku yara, don Allah ku daina jin kunyar cewa "say again", wato a maimaita muku umarnin. Kunyar nan da aka rene mu da ita ta kada a musa wa babba tana da kyau a zaure, amma a cikin jirgi kashe mutane take yi. A filin jirgin Tenerife, wani tsibirin ƙasar Sifaniya, a 1977 injiniyan jirgin kamfanin KLM da ke shirin tashi ya tambayi kyaftin ɗinsa ko jirgin kamfanin Pan Am ya sauka daga titin tashin jirage, aka amsa masa da ƙarfi cewa ya sauka, ya yi shiru. Can ma murya biyu ce ta hau juna a rediyo. Jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka rasu. Idan kana shakka, mai ba da umarnin za ka tambaya da cikakkiyar lambarka, ba na kusa da kai ba.

Wani abin da ke ba ni haushi, me ya sa kamfanoni ke jera jirage masu lamba kusan ɗaya a lokaci guda? A Turai sun daɗe suna haɗa haruffa da lambobi a lambar kiran jirgi saboda wannan matsalar. Ka faɗi wannan a gabansu, haƙƙinka ne. Su ma masu kula da zirga-zirgar ban cika ganin laifinsu ba, mutum ɗaya da jirage rututu a kunnensa.

Yaushe ne zaman naka? Ka turo mini abin da ka rubuta ta akwatin saƙo in duba maka kafin ka miƙa, kuma kada ka shiga ɗakin nan kai kaɗai, ka tafi da wakilin ƙungiyarku ta matuƙa.