Magen da Aka Tsinto a Titi: Tambayoyinku da Amsoshin Likita

Tambayoyin wannan makon duk a kan mage suka taru, musamman wadda aka tsinto a titi ko a kango aka shigo da ita cikin iyali. Ni likitan mutane ne, don haka lafiyarku zan fi tsayawa a kai. Inda magana ta koma jikin magen, likitan dabbobi zan tura ku wurinsa.

Tambaya: Likita, bara na tsinci wata 'yar mage a bakin kwata, ruwan sama ya yi mata duka, na raine ta har ta girma. Yanzu ina da ciki wata uku. Surukata ta ce lallai a fitar da ita, wai gashin mage yana zubar da ciki, yana kuma hana haihuwa. Ni kuwa na shaƙu da ita. Ya zan yi? (Wata baiwar Allah daga Kano)

Amsa: Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Hajiya ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin akwai cutar da mai ciki kan iya ɗauka ta dalilin mage. Sai dai ba a gashi take ba, a kashi take, kuma ba ita ke hana haihuwa ba. Tokzofilasma ake ce mata. Mage na ɗaukar ta idan ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama, sannan ta fitar da ƙwayayenta a kashi. Akasarin mutanen da suka kamu ba sa ma sanin sun kamu. Inda gizo ke saƙar shi ne mace ta kamu karon farko tana da juna biyu, don a nan ne cutar kan ratsa mahaifa ta taɓa ido ko ƙwaƙwalwar jariri, wani lokaci ma ta jawo ɓari.

Ga abin da zai kwantar miki da hankali. Mage ba kullum take fitar da ƙwayayen nan ba, sati ɗaya zuwa uku ne kawai bayan ta fara kamuwa, kuma yawanci tun tana ƙarama. Sannan ƙwayayen ba sa iya kama mutum sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5 a ajiye. Ke nan in ana kwashe shi kullum, an toshe babbar ƙofa. Wannan aiki ki miƙa wa maigida har ki sauka. In babu wanda zai yi sai ke, ki sa safar hannu ko leda, ki wanke hannu da sabulu. Kada a riƙa jefa mata ɗanyen tarkacen nama daga wurin mahauci, a dafa mata. Kuma ko tausayi ya kama ki, kada ki tsinto wata sabuwar 'yar mage sai bayan kin haihu.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai game da ke ba magen ba ce. Tsire ko balangun da cikinsa bai gasu ba, latas da kabeji da karas da ba a wanke da kyau ba, da kwaɗayin cin ƙasa da ke kama wasu masu ciki, duk hanyoyi ne na wannan cuta, ko da babu mage a gidan. Ki bi Hajiya a hankali, ki gaya mata kin tambayi likita, ga kuma matakan da aka ɗauka. Ranar awo ma ki sanar da su kina da mage a gida.

Tambaya: Yarona ɗan shekara bakwai ya ɗauko wani muzuru a kango, yana wasa da shi ya gantsara masa cizo a hannu har jini ya fita, ya kuma yakushe shi. Mun shafa masa toka. Yau kwana biyu ke nan, muzurun ya gudu. Maƙwabcina ya ce kada in damu, ciwon haukan kare ai sai kare. (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Malam, ajiye duk abin da kake yi ka kai yaron nan asibiti yau. Maƙwabcinka ya yi kuskure. Gaskiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa, daga kare suke ɗauka. Amma mage ma tana kamuwa, ta kuma saka wa mutum ta cizo ko yakushi. Magen titi kuwa babu wanda ya san da wa ta yi faɗa jiya.

Cuta ce da ba a jiran alamarta. Ƙwayar tana bin jijiya sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Da zarar an fara ganin tsoron ruwa, da firgita, da dalalar yawu, kusan babu mai tashi. Amma kafin nan allura tana tare ta. Ba sau ɗaya ake yi ba, ana bin ranaku ne cikin sati ɗaya zuwa huɗu, gwargwadon tsarin da asibitin ke amfani da shi, kuma dole a kammala ko da ciwon ya warke tas. Tun da cizon ya huda fata, akwai kuma wata allura ta daban da ake yi a kewayen ciwon kansa. Tana da tsada, ba kuma ko'ina ake samun ta ba. In ba a samu ba, kada hakan ya sa a fasa ta farkon. Da muzurun yana hannu, da sai a killace shi a sa masa ido kwana 10, ana yi wa yaro allura ana kallonsa. Tun da ya gudu, babu abin jira.

Ga sauran masu karatu, abu na farko bayan cizo shi ne ruwa da sabulu. A riƙa kwarara ruwa daga famfo ko buta ana wankewa har minti 15 cur, a duba agogo, don ya fi yadda ake zato tsawo. Sannan a shafa aidin in akwai. Toka, barkono, man birki, babu wanda ke kashe wannan ƙwaya, sai dai su ƙara ɓata ciwon.

Akwai kuma matsala ta biyu da ta fi saurin zuwa. Haƙorin mage siriri ne kamar allura, yana shiga can ciki ya bar ƙwayoyin cuta, bakin ciwon kuma ya rufe. Shi ya sa hannu kan kumbura ya yi ja kafin a kwana ɗaya. Cizon hannu yawanci yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma za a duba ko yaron na buƙatar allurar tetanos. Idan bayan sati ɗaya zuwa uku ka ga kaluluwa ta fito masa a hammata, tana iya zama daga yakushin. Galibi takan baje da kanta. A nuna wa likita, kada a kai wa wanzami ya tsaga.

Tambaya: Tun da muka kawo 'yar mage gida, 'ya'yana biyu suka fito da wani zagaye mai ƙaiƙayi, ɗaya a wuya, ɗaya a ka har gashin wurin ya zube. Ita ma magen kunnenta ya ƙwaƙule. (Wata uwa daga Gusau)

Amsa: Maman yara, wannan ya yi kama da makero, kuma ƙananan maguna sun shahara da yaɗa shi. Na wuya man shafawa irin su kilotirimazol zai iya warkar da shi cikin sati biyu zuwa huɗu. Na ka kuwa mai kaɗai ba ya isa, domin cutar ta shiga tushen gashi, sai an haɗa da na sha na sati shida zuwa takwas, wanda likita zai auna da nauyin yaron. Ki guji mayukan nan masu haɗi uku da ake miƙo wa mutane a kemis: ƙaiƙayin zai lafa, zagayen kuma ya ƙara faɗi. Kowa da matajinsa da tawul ɗinsa, a wanke zannuwan gado a shanya a rana. In ba a yi wa magen magani a asibitin dabbobi ba, kina warkar da su tana sake saka musu.

Tambaya: Shin da gaske ne haɗiye gashin mage na kawo asma? (Wani matashi daga Jos)

Amsa: A'a. Abin da ke tayar wa wasu shi ne wani sinadari da ke cikin yawun mage da maiƙon fatarta. Tana lashe jikinta, ya bushe, ya bi iska, a shaƙa. Wanda jikinsa bai ƙi sinadarin ba, babu ruwansa. Wanda ya ƙi, zai ga atishawa, jan ido ko toshewar ƙirji. Irin wannan kada mage ta shiga ɗakin kwanansa. Idan kuma mai asma ne, kuma tun zuwan magen yake yawan neman abin shaƙarsa, to shawarata a nema mata wani gidan. Numfashin mutum ne a gaba.

Tambaya: Na tsinci 'yar mage a bayan hostel, idonta duk kwantsa, ba ta cin abinci. Zan iya ba ta rabin farasitamol da madarar gari? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Kul, 'yata! Hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar mage, balle wannan. Madarar shanu kuma zawo take sa yawancinsu. Ki naɗe ta a tsumma ta ji ɗumi, ki goge mata ido da auduga da ruwan ɗumi, ki kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga shi nan kusa da ke. Za su duba ta, su ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma, in ta kai wata uku a yi mata allurar haukan kare. Kada ki fesa mata maganin sauro ko fiya-fiya don kashe ƙuma, maganin ƙuman kare ma wani yana kashe mage. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa ba tata ba ce, dafaffen kifi ko nama marar yaji ya fi. Sati biyun farko ki ware ta wuri guda, ki riƙa wanke hannu bayan kin taɓa ta.

Wani abu kuma da ya shafi duk mai tsintar mage: wadda ka gani tana tangaɗi, tana zubar da yawu, ko tana kai wa komai cizo babu dalili, wannan ba ta ɗauka da hannu ba ce.

Tambaya: Ina da sito na hatsi, ɓeraye sun addabe ni. Na samo mage a kasuwa, amma an ce kada in ba ta abinci don ta fi kama ɓera. Ga shi kuma ta haihu har sau biyu, 'ya'yan sun yi mini yawa. (Wani ɗan kasuwa daga Bauchi)

Amsa: Alhaji, ajiye magen dabara ce mai kyau, har ta fuskar lafiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci, kuma Bauchi na cikin jihohin da yake yawan ɓulla da rani. Ajiye mage na cikin shawarwarin da ake bayarwa, tare da rufe hatsi a mazubi mai murfi da toshe ramuka.

Maganar hana ta abinci kuwa ba ta da tushe. Farauta ɗabi'arta ce, ƙosasshiyar mage ma tana yi. Mai yunwa ita ce ke barin sito ta tafi bola, ta dawo da cuta. Ka kuma san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka azabtar saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Ka ba ta abinci da ruwa. Sannan ka zaɓi ɗaya, ko mage ko shinkafar ɓera, domin in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya, ga kuma haɗarin guba kusa da abincin mutane.

Haihuwa kuwa ba za ta tsaya da kanta ba. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne kawai, kuma tana iya yi sau biyu ko uku a shekara. Likitan dabbobi zai yi mata aikin da zai tsayar da haihuwar gaba ɗaya, muzuru kuma a fiɗiye shi, abin da ke rage masa yawo da faɗa da fitsarin nan mai wari. 'Ya'yan da ke hannu kada a zuba su a buhu a kai bayan gari. Ka bar su da uwarsu har su kai sati takwas, sannan ka yi wa 'yan'uwanka masu sito tayi, ka gaya musu a yi musu allura in sun cika wata uku.