Kafin ka ɗaga muryar mawaƙi a miksa

Ɗana, jiya muna naɗe wayoyi ka tambaye ni: idan mawaƙin da ya saba waƙa da jitar katako shi kaɗai ya zo da ganguna da jitar lantarki, ba murya kawai za a ɗaga masa a miksa, wato na'urar haɗa sautuka, ba? A'a. Nan yara da yawa suke ɓata aiki, ni ma nan na taɓa ɓata nawa.

Ɗauki mawaƙi Bob Dylan na Amurka. Har zuwa 1964 galibi daga shi sai jitar katako da harmonika, ɗan ƙaramin abin busa. Faifansa Another Side of Bob Dylan ma a dare ɗaya aka ɗauke shi. A Janairun 1965 ya shiga situdiyon Columbia a New York tare da furodusa Tom Wilson, cikin kwana uku suka gama Bringing It All Back Home, ya fito a watan Maris. Fuskar farko ta faifan da makaɗan lantarki aka yi ta, ta biyu kuwa kusan duk katako ce. Mutumin da jama'a ke bi saboda kalmominsa, ga shi tsakiyar ganguna, kuma baitocin suna fita.

Jitar katako daga cikinta sauti ke fitowa, ka kaɗa tsirkiya ya tashi ya mutu da wuri, ya bar wa murya fili. Ta lantarki kuwa maganaɗisu ne nannaɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe, shi ke mayar da girgizarsu wuta ya tura wa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Sautinta yana daɗewa, kuma daidai inda muryar ɗan Adam ke zama nan yake zama, kamar mutum biyu a kan ƙaramar tabarma ɗaya. Ga ganga tana kutsawa cikin makirufon mawaƙi. Ka ɗaga murya, ka ɗaga ganga tare da ita, sai sipika ta fara kuka.

Ka sa abin ji a kunne ka saurari "Mr. Tambourine Man" da ke fuska ta biyu. Akwai jitar lantarki a ciki, Bruce Langhorne ne ke kaɗawa, amma a hankali, yana bin gefen muryar ba ya hawa kanta. Mutane da yawa ba su ma lura da ita ba. Wannan waƙar na fi son kowane yaron shagona ya fara ji, don ta fi dogon bayanina.

Ka kuma duba abin da ya faru a bikin waƙa na garin Newport a Amurka ranar 25 ga Yuli, 1965. Dylan ya hau dandamali da jitar lantarki ƙirar Fender, makaɗin jita Mike Bloomfield na gefensa, wasu suka yi ta ihun ƙin yarda. Akwai waɗanda ke ganin ya juya wa waƙar gargajiya baya, gaskiya ne. Amma Pete Seeger, dattijon wannan fage, daga baya ya bayyana cewa abin da ya ɓata masa rai shi ne sautin ya dagule, ba a jin kalmomin.

Ni a wani biki na gamu da tawa. Mai gurmi ne aka haɗa shi da piyano da ganguna, na buɗe komai har ƙarshe ina ganin na burge. Wani tsoho ya taso da sandarsa har gaban teburina ya ce, “Yaro, me yake cewa ne?” Har yau ina jin kunyar wannan tambaya.

Gobe da mawaƙin nan ya zo, ka sauke komai ƙasa, ka fara da muryarsa ita kaɗai. Ka juya amfilifaya ta ba makirufonsa baya, ka matsar da ganguna can lungu a bayan allon katako. Sai ka shigo da bes, jitar nan mai kaurin sauti, sannan ganga, jitar lantarki a ƙarshe, ka ɗan rage mata sautin tsakiya, inda murya ke zama. Duk wanda ka shigo da shi, ka tsaya ka ji ko za ka iya maimaita baitin. In ba za ka iya ba, shi za ka rage. Ka zo da wuri, ƙarfe bakwai, mu gwada wayoyin tukuna.