Wariya a cikin gida: fafutukar masu neman jinsi ɗaya a Afirka ta Kudu

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce, ina karanta kimiyyar siyasa. A aji an gaya mana cewa ƙungiyoyin da ke fafutukar kare haƙƙin masu neman jinsi ɗaya su ma suna fama da wariya a junansu. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya wanda ke kukan ana nuna masa bambanci zai juya ya nuna wa ɗan'uwansa? Kuma akwai misali a Afirka, ko duk labarin Amurka ne?

Amsa: Malama, sannu da karatu. Gaskiya aka gaya muku, kuma ba sai kin ƙetare teku ba. Shan wuya iri ɗaya ba ya shafe bambancin launin fata ko na aljihu, kuma inda na fi ganin wannan a fili shi ne Afirka ta Kudu.

A 1982, mulkin wariyar launin fata na kan ganiyarsa, aka kafa wata ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya mai suna GASA. Kusan duk 'ya'yanta fararen fata ne masu abin hannu, kuma suka ce su ba ruwansu da siyasa. Wani matashi baƙar fata haifaffen Soweto, Simon Nkoli, ya shiga cikinsu. Ki duba halin da ya tsinci kansa: sau da yawa taron ƙungiyarsa a unguwanni da wuraren shaƙatawa ake yi waɗanda doka ta keɓe wa farare. A ƙasar da ake tare baƙin mutum a titi a ce ya nuna takardar izinin shiga gari, wanda ya ce ba ruwansa da siyasa ya riga ya zaɓi ɓangare.

A 1984 aka yi boren kuɗin haya a yankin Vaal. Aka kama Nkoli, aka haɗa shi da wasu mutum 21 a shari'ar cin amanar ƙasa da ta yi suna da shari'ar Delmas, tuhumar da kan iya kai mutum ga igiya. GASA ta zame jikinta, a ganinta abin da aka kama shi a kai bai shafe ta ba. Wannan shirun ya jawo mata dakatarwa daga ILGA, ƙungiyar duniya ta masu wannan fafutuka, a 1987.

A gidan yari ma bai huta ba. Da ya bayyana wa abokan tuhumarsa ko shi wane ne, wasu suka nemi a raba shari'arsu da tasa, suna tsoron gwamnati ta ɓata sunan gwagwarmayar da shi. Ya zama gaba kura baya siyaki. Sai dai zaman shekaru wuri guda, cin abinci tare da jiran hukunci tare, ya sauya tunanin da yawa daga cikinsu. Mosiuoa Lekota, wanda ya zama ministan tsaro daga baya, yana cikin fursunonin, kuma ya faɗa a bainar jama'a cewa ba zai yiwu a nuna wariya ga wanda ya sa kafaɗarsa a yaƙin neman 'yanci ba. Ni a wurina nan ne zuciyar labarin take. Hujjar da ta ratsa waɗannan shugabanni mutum ce da suka sani, suka ga jarumtarsa da idonsu.

An sallami Nkoli a 1988, ya kafa wata sabuwar ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya mai suna GLOW, wadda ta tara baƙaƙe daga unguwannin talakawa. Ranar 13 ga Oktoba 1990, shi da wata matashiya, Beverley Ditsie, suka jagoranci macin masu neman jinsi ɗaya na farko a nahiyar Afirka, a Johannesburg. Wasu mahalarta sun rufe kawunansu da jakar takarda mai huda biyu ta ido, don kada iyaye ko masu gidan aikinsu su gane su. A wurin Nkoli ya shaida wa taron cewa baƙar fatarsa da yanayinsa ba ya iya raba su gida biyu, ya ce wannan gwagwarmaya ce babba, waccan ƙarama. Tsarin mulkin 1996 ya haramta nuna bambanci a kan neman jinsi ɗaya, na farko a duniya da ya yi haka. Nkoli ya rasu a 1998 sakamakon cutar ƙanjamau, bai ga dokar 2006 da ta halatta auren jinsi ɗaya ba.

To amma doka a takarda take zaune, mutane kuma a unguwa. Mai mota da gida mai katanga a Sandton ya ci moriyarta tun ranar farko. Macen da za ta sauka daga motar haya da dare ta taka zuwa gida a unguwar talakawa fa? A Afrilun 2008 aka tsinci gawar Eudy Simelane a KwaThema, gabas da Johannesburg. Ta taɓa buga wa ƙasarta ƙwallo a ƙungiyar mata ta ƙasa, Banyana Banyana, kuma ba ta ɓoye cewa mata take so ba. An yi mata fyaɗe, an caccaka mata wuƙa. Ba ita kaɗai ba ce, kuma mafi yawan matan da aka yi wa irin haka baƙaƙe ne talakawa. Ko me mutum yake gani game da rayuwarta, jininta jinin ɗan Adam ne, kuma abin yana ci mini rai duk lokacin da na koyar da shi.

Shi ya sa abin da ya faru a 2012 ya yi ciwo. A lokacin macin Johannesburg ya koma unguwar masu kuɗi ta Rosebank, ya zama biki mai kiɗa da tallan kamfanoni. Wasu mata kimanin 20 daga ƙungiyar kare haƙƙin mata ta One in Nine suka kwanta a tsakiyar titi a gaban jerin gwanon, suna roƙon a yi shiru na minti ɗaya tak don tunawa da waɗanda aka kashe. Maimakon shiru, sai aka yi musu ihu, aka tunkuɗe su, aka ce su ba da hanya. A macin da baƙar mace ta taimaka aka kafa! Shekara ta zagayo, kwamitin da ke shirya bikin ya rushe kansa.

Matan unguwanni dai ba su tsaya jiran a ba su wuri ba. Tun 2004 suka fara nasu macin a Soweto, a titunan da suke kwana suke tashi, inda maƙwabta ke tsaye a ƙofar gida suna kallon fuskokinsu. Idan za ki yi rubutu a kan wannan batu, Malama, ki kwatanta waɗannan maci biyu: inda ake yin kowanne, wa ke biyan kuɗinsa, da yadda mahalarta ke komawa gida bayan an watse.