Motar da ambaliya ta shanye: a karɓo ta daga inshora, a gyara, a sayar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Houston ne a jihar Texas ta Amurka. Ina da motar tsere ƙirar Mustang, da kuɗina na saya, babu bashin banki a kanta. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta same ta a ajiye, ruwa ya haye har kujeru. Kamfanin inshora ya ce kuɗin gyaranta ya yi yawa, ya ba ni zaɓi: ko ya biya ni kuɗinta duka ya ɗauke ta, ko ya rage wani abu ya bar mini ita. Ina son motar nan ƙwarai. Niyyata in karɓo ta in gyara, in ta ci gaba da ba ni wahala in tura wa ƙanena ta Kwatano ya sayar a Kano. Wani ɗalibin ilimi ya ce mini in dai an ce wa mai saye "yadda ka gan ta haka na sayar maka, babu mayarwa", an fita haƙƙinsa, domin Hanafawa, wato malaman mazhabar Abu Hanifa, sun halatta haka. Maiɗakina ba ta son in karɓo ta. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa.

Riƙe motar halal ne. Tun asali taka ce, ba ta fita daga mallakarka ba, kamfanin ya rage kuɗin ɓaraguzanta ne kawai. Ko da ta fita ka sake saye hannu da hannu, ciniki ne ingantacce, tunda ka san aibinta.

Kuɗin inshorar kuwa ba ka tambaya ba, amma sai na taɓo. Inshorar da dokar Texas ta tilasta ita ce ta ɓarnar da za ka yi wa wani, ba ta biyan ambaliya. Mai biyan ambaliya ita ce cikakkiyar inshora, kuma tunda babu banki a kanka, kai ka zaɓe ta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985 ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas a kan abin da za a biya da abin da za a samu, Shaikh Mustafa az-Zarƙa kuma yana cikin waɗanda suka halatta. Abin da na fi natsuwa da shi: ka ɗauki daidai abin da ka zuba musu, ragowar ka ba mabuƙata. Wanda ya bi ɗaya fatawar saboda rashin takaful, wato inshorar Musulunci ta taimakon juna, a inda yake, ba na tsananta masa.

Inda na tsaya a wasiƙarka shi ne Kwatano. Me ya sa Kano, ba Houston ba? Ka fi ni sanin amsa. A Houston, da zarar inshora ta yanke cewa mota ta tashi daga aiki, takardarta na ɗaukar tambari, ko an gyara ta tambarin na nan, farashinta kuma ya faɗi. A Kano mutum zai ga fenti yana ƙyalli, ya ji ƙugin inji, ya biya kuɗin lafiyayyiyar tokumbo. Bambancin kuɗin nan guda biyu shi ne abin da kake tambaya ko ya halatta, kuma bai halatta ba.

Maganar ɗalibin nan tana da asali, amma ya ɗora ta inda ba wurinta ba. Mas'alar sunanta bai'ul bara'a, wato mai sayarwa ya ce ya kuɓuta daga duk wani aibi. Gaskiya ne Hanafawa sun inganta wannan sharaɗi. Sai dai maganarsu a kan hukuncin alƙali take: shin mai saye yana da damar mayar da kaya ko ba shi da ita. Ba su ce zunubin ɓoye aibi ya faɗi ba, su ma a wurinsu ɓoye aibin da ka sani haramun ne. Ka ga kenan ko a mazhabar da aka jingina maka, kana iya cin shari'a a kotu, haƙƙin mutum na wuyanka.

Sannan Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 bisa sharaɗin bara'a. Mai saye ya dawo ya ce akwai cutar da ba a faɗa masa ba. Aka je gaban Sayyidina Usman, sai ya ce Ibn Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin cinikin. Da sharaɗin kaɗai ya wadatar, me za a yi da rantsuwa? Ibn Umar ya ƙi rantsewa, ya karɓi bawansa, daga baya ya sayar da shi 1,500. Hukuncin ya rataya a kan sani. Kai kuwa da idonka ka ga ruwa a kan kujerunta, kuma akwai takarda da sa hannunka.

A mazhabarmu ta Malikiyya ma abin ya fi haka ƙunci, domin mashahurin zance shi ne bara'a ba ta aiki a kaya irin wannan. Shaikh Khalil ya ce idan mai sayarwa ya san aibi, sai ya faɗi cewa yana nan, ya siffanta shi ko ya nuna, kada ya dunƙule. Saboda haka "tana da 'yan matsaloli" ko "ka san halin tokumbo" duk dunƙulewa ne. Ma'aunin Risala ya fi kowanne sauƙin riƙewa: kada ka ɓoye abin da in ka faɗa mai saye zai ƙi kayan, ko ya rage kuɗi.

Dillalai za su ce maka ai kowa ya san motocin gwanjon Amurka, ko hatsari ko ruwa, musamman tun bayan guguwar Harvey ta 2017 da ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a garin da kake zaune, don haka al'ada ta wadatar. In da gaske kowa ya sani, faɗar ba za ta rage maka ko kwabo ba, to ka faɗa mana. Kuma "yadda ka gan ta" magana ce da ta dace da abin da ido ke gani. Ɓarnar ruwa tana ƙarƙashin kafet, cikin wayoyi da ƙwaƙwalwar mota, tsatsa na ci a hankali sai bayan watanni ta bayyana. Abincin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikinsa ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, shi ma ruwan sama ne ya jiƙa shi aka ɓoye a ƙasa.

In za ka tura, ga sharaɗi: a gaya wa mai saye ambaliya ta shanye ta, ga inda ruwan ya kai, ga abin da aka canza, a ba shi lambar shasi ya duba Carfax, shafin da ke nuna tarihin mota, da kansa. Ƙanenka wakili ne, wajibin da ke kanka yana kansa, kada ka jefa yaron mutane cikin zunubi don kana yi masa aike. Kada kuma ya sayar wa dillalin da ya san zai rufe maganar.

Batun gyara, ban hana ka ba, amma da sharaɗi ɗaya: lafiyar birki, sitiyari da jakar iskar kariya. Na'urorinsu da lantarki suke aiki, wasu kuma a ƙasan kujera da ƙarƙashin dashbod suke, inda ruwan ya kwana. Motar gudu ce, in ta ƙwace ba kai kaɗai za ta cutar ba. Kada a tayar da injin sai an tabbatar ruwa bai shiga cikinsa ba, kuma ka nemi bakanike amintacce wanda ba shi zai yi aikin ba ya kimanta maka. Ka tambaye shi ko ruwan na gishiri ne, domin wannan ya fi cin ƙarfe da waya. In ya ce ba zai iya lamunce maka birki ba, hawa da ita titi bai halatta ba, sai dai a sayar da ita kayan gyara.

Na kuma lura tun ba ka karɓo ta ba ka riga ka shirya yadda za ka rabu da ita. Wannan ya nuna zuciyarka ma ba ta amince da ita ba. Maiɗakinka ba ta da ikon hana ka dukiyarka, amma ita ta san abin da gida ke buƙata, kuma ita da 'ya'yanka za ka ɗauka a ciki. Ka zauna da ita ku yi lissafi, ka yi istihara. Da ni ne, da na bar wa kamfanin inshorar motar.

Wallahu a'alam.