Talatar Elmina

Habibu, saƙonka ya iso. Wai za ku hutu Elmina, garin nan na bakin teku a Gana, kai da abokanka, ka ji an ce masunta ba sa shiga teku ran Talata, kana tambaya ko canfi ne, kuma in kun ƙara wa mai kwale-kwale kuɗi ko zai fita da ku ku ɗauki hoto. Na yi dariya har Inna ta leƙo daga ɗaki, amma daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ina da shekara 14 na fara ganin teku. Marigayi kakanka ne ya tafi da ni daga zangon Kumasi, sarin gishiri da bandar kifi. Muka sauka da hantsi, ashe Talata ce. Kwale-kwale jere a bakin tafkin Benya kamar shanu a turke, kowanne da tutarsa da fentinsa. Maza zaune a inuwa, sun maƙale taru da babban yatsan ƙafa suna ɗinke ɓula. Na ɗauka rasuwa aka yi. Da Baba ya shiga ciniki sai na sulale, na naɗe wando na shiga ruwa, iyakar gwiwa fa. Igiyar ta zo ta wuce lafiya. Komawarta ce ban sani ba: yashi ya zare daga ƙarƙashin ƙafata, sai ga ni ina shan gishirin da ban saya ba. Wata tsohuwa ce daga Fanti, ƙabilar garin, ta fizgo ni ta wuyan riga, ta zabga mini mari, tana faɗa da yaren da ban ji ko kalma ɗaya ba. Baba ya zo ya yi mata godiya, ya ba ta goro, ya ƙara mini nasa marin.

A mota ya ce da ni: “In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura.” Na ce ai su don gunkinsu suke yi. Ya ce bai aiko ni in bauta wa abin kowa ba, amma mutanen da ruwa ya ci iyayensu sun fi ni sanin ranar da za a bar shi ya huta, kuma taru ma yana son ranar ɗinki.

Ku yaran yanzu kome sai a ce nawa ne. Garin nan bai rasa abin kallo ba. Ga gidan bayin da Turawan Fotugal suka gina a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh a 1896. Idan an shigar da ku ɗakunan ƙasa, aka nuna muku ƙofar da in an fita ba a dawowa, don Allah ka mai da wayar aljihu. Ku hau tudun St Jago ku ga garin gaba ɗaya. In ƙafarka ba ta rawa, gadar igiya ta dajin Kakum ba nisa. Ni dai ban hau ba, ba kuma zan hau ba. Da Talatar farko ta Yuli za ku, da kun tarar da bikin Bakatue, ranar da ake jefa taru sau uku a buɗe tafkin.

Kafin duk wannan, ka nemi zango, ka yi sallah da mutanenmu, ka gaida liman. Su za su nuna muku inda ake wanka da inda ruwa ke ja. Innarka ta ce a taho mata da banda, mai kauri, ba ƙananan nan ba.